Yadda Ake Saka List a Cikin Struct Ba Tare da Bayanai Sun Gauraya Ba

Mai koyon C#, yaren rubuta manhajar kwamfuta, yakan ji malami ya ce ana kwafe struct (ƙunshin da ke haɗa bayanai wuri guda) ɗungurungum duk lokacin da aka miƙa shi, sai ya ɗauka cewa duk abin da ke cikinsa ma an kwafe. Lamarin ba haka yake ba muddin akwai List ko array, wato jerin bayanai, a ciki.

A ce kana haɗa wa wani dillali manhaja a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe, ka yi struct mai suna Rumbu, wanda ya ƙunshi sunan mai kaya da List mai suna Buhuna na nauyin buhunan masara. Idan ka rubuta `Rumbu b = a;`, adireshin inda List ɗin yake ajiye kaɗai kwamfuta za ta kwafe, wato an yanka makulli na biyu alhali rumbun ɗaya ne, saboda haka duk buhun da ka ƙara ta hannun `b` zai bayyana a lissafin `a`. Sunan mai kaya bai da wannan matsala, domin string ne, wato rubutu, kuma string ba ya sauyawa bayan an ƙirƙire shi.

Maganin shi ne ka gina sabon List da kanka a lokacin kwafi: `b.Buhuna = new List<int>(a.Buhuna);`. Wannan ya wadatar ga lambobi, amma idan abubuwan cikin List ɗin class ne, wato nau'in da shi ma adireshinsa kaɗai ake kwafewa, dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka kwafe, in ba haka ba an koma gidan jiya.

Ka kuma lura da `new Rumbu[50]`, wato array mai Rumbu hamsin. Kowane Rumbu a nan yakan zo da List ɗinsa a matsayin null, wato babu shi ma sam, ko da ka rubuta constructor (umarnin da ke shirya sabon struct) marar karɓar bayanai da C# 10 ya halatta a 2021, domin array ba ya kiransa. Ka duba kafin ka taɓa.

Kalmar `readonly` ma kada ta ruɗe ka: tana hana a musanya List ɗin da wani, amma ba ta hana a zuba masa buhu. Mai son kullewa sosai sai ya yi amfani da `ImmutableArray`, jerin da ba a iya sauya abin da ke cikinsa. A ganina kuwa, kayan da ke shiga da fita kullum kamar na Tudun Hatsi, gara a mai da Rumbu class tun farko.