Yadda za ka kalli shaho da ɗiyanshi a Yamai ba tare da ka kore shi ba

Duk mai kiwon tantabaru ya san abin nan, suna cikin shawagi lafiya lau sai ka ga sun watse kamar an jefe su, wasu sun faɗo tsakar gida wasu sun shige cikin dogon yaro. To ɗaga kanka sama, shaho ne ya gitta, kuma daga nan kallon ke farawa, tantabarun su ne 'yan rahotonka na farko.

Amma ka fara sanin wane shaho kake gani, don mu duk shaho muke ce musu. Wanda anka fi yayatawa a duniya shi ne wanda ake ce ma faucon pèlerin da Faransanci, kanshi baƙi kamar ya sa hula, da baƙin zane mai kauri da ya sauko ƙarƙashin ido kamar saje, ƙafafu rawaya, ƙirji fari da ratsi-ratsi. In ya naɗe fukafukai ya sulalo ma tsuntsu daga sama gudunshi na wuce kilomita 300 a awa, babu wata halitta da ta kai shi. Waɗanda ke zo mana daga Turai baƙi ne, lokacin sanyi suke zuwa su ci su koma, ba su yin ƙwai nan. Wanda za ka fi samu da sheƙa a wajenmu ɗan uwanshi ne, faucon lanier, shi bayan kanshi ja-ja ne kuma sajen siriri. Kar ka raina shi wallahi, mata da miji tare suke farauta, ɗaya ya tayar da tsuntsu ɗaya ya cafke. Shirwa kuwa daban take, wutsiyarta a tsage kuma yawo take a hankali bisa mahauta da bola, shi shaho fukafukanshi masu tsini ne, bugunsu da sauri.

Wurin nema: duk abin da ya yi tsawo kuma mutane ba su hawa, shato na ruwa, antan ɗin salula, manyan turakun wuta, hasumiyar masallaci, dogayen benaye. Shi a ganinshi bene dutse ne kawai, dama asalinshi bakin duwatsu yake zama. Pèlerin ba ya gina sheƙa sam, ɗan rami yake karcewa a kan tsakuwa a wani lungu, lanier kuma sau da yawa tsohuwar sheƙar hankaka yake gajewa, saboda haka in ka ga tarin itace bisa turken wuta kar ka ce ai na hankaka ne ka wuce, tsaya ka ga wa ke shiga. Ka duba bango ko akwai farin kashi da ya zubo kamar an watsa farar ƙasa, ka duba ƙasa ko akwai gashin tantabara da kurciya da fiffike guda da anka yar. Wanga shi ne alamar da ba ta ƙarya.

Lokaci kuwa da rani ne, daga sanyi zuwa shigowar zafi. Ka tahi bayan asuba ko bayan la'asar, da tsakar rana sai dai ka sha wahalar banza, kuma ranar da hazo ya rufe gari ka yi zamanka gida. Madubin hangen nesa in kana da shi madalla, in babu ido ma ya isa, ka ba rana baya.

Wata magana da ba wasa ba, a Yamai yanzu mutum ya tsaya yana auna gini ko antan ko gada da madubi ko kyamara, zai iya samun kanshi yana amsa tambayoyin da bai shirya ba. Ka nisanci gine-ginen hukuma da na soja, ka gaida mai gadi ka gaya mishi abin da ya kawo ka, ka ma ba shi ya leƙa, gobe shi zai ce maka malam tsuntsunka ya kawo nama da safe.

Abin da za ka gani ya danganta da mako. Macen ta fi namijin girma sosai, da haka za ka rarrabe su. Ƙwai 3 zuwa 4 take yi, kwanci wajen wata guda, kuma wanga lokaci sai haƙuri don kai kawai za ka hango, wani lokaci namijin ya zo da nama yana kuka ta tashi ta karɓe a sama tun bai sauka ba, ni dai nan ne nake jin daɗin kallon. In sun ƙyanƙyashe ɗiyan farare ne tas kamar auduga, uwar na yagar nama kaɗan-kaɗan tana sa musu a baki, bayan mako 6 haka sun yi gashi suna tsayawa bakin lungu suna kaɗa fukafukai. Ka riƙa rubuta rana a salularka, baɗi za ka san lokacin dawowa. In kana son ganin na pèlerin ƙuru-ƙuru, a Landan da New York an sa kyamara a sheƙunansu, daga watan Maris zuwa Mayu ana kallo kai tsaye a YouTube, sai dai yana cin megga.

In uwar ta tashi tana kewaya kanka tana ihu, ka matso da yawa, ja baya nan take, don ƙwai ko ɗan tsako a zafin garin nan ba ya jure rana in babu inuwar uwa. Kuma kar ka baza wurin a WhatsApp, akwai yara masu danƙo, akwai masu tantabaru da ke cike da haushi, akwai masu kamawa su sayar.

In ɗan ya faɗo ƙasa ranar koyon tashi kar ka kai shi gida ka ce za ka ba shi hatsi, nama kawai yake ci kuma iyayen na kallonshi. Kore yara da kyanwa, rufe shi da zane don faratan nan ba su san mai taimako ba, ka ɗora shi bisa katanga ko rufi kusa da wurin ka koma nesa ka zauna.