Darasi Na Tara: Kayan Wasan Yara Daga Gwangwani Da Roba

Leƙa bayan madafinki ki gani. Ga gwangwanin madara da na tumatir, ga robar lemo, ga kwalin ashana, ga marafen kwalba a warwatse. Kaɗan daga ciki 'yan gwangwan suke saye. Sauran bola suke tafiya, ko su toshe kwata. Da damina kuma ruwa ya kwanta a cikinsu, sauro ya samu wurin yin ƙwai. Alhali yaronki yana can yana kukan a saya masa motar roba a kasuwar Gusau.

Kafin komai, a yi zaɓe. Ba kowane mazubi ne ake miƙa wa yaro ba. Duk jarka ko kwalbar da ta taɓa ɗaukar maganin feshin gona, ko fiya-fiya, ko fetur, ko kalanzir, ko ruwan batir, a nisanta ta da yara ko da an wanke ta sau goma. Mu a Zamfara ba sai an ja mana kunne da yawa ba. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. Dutsen zinariya ake niƙawa a cikin gidaje, ƙurarsa ta bi ƙasa da kwanuka, yara suka yi ta kaiwa baki. Saboda haka buhu ko kwano ko jarkar da ta fito daga wurin niƙan dutse ba abin wasa ba ne. Haka ma tsohon batir.

Mazubin da ya ɗauki abinci ko abin sha shi ne namu. Ki wanke shi da sabulu, ki shanya a rana. Bakin gwangwani yana da kaifi, sai ki daddake shi da dutse ya kwanta, ki naɗe da tsumma ko salatif. Yanka da huji aikin babba ne. Na yaro shi ne liƙawa da zubawa da ja.

Mafi sauƙi shi ne kacau-kacau. Ki zuba tsakuwa ko ƙwayar masara kaɗan a ƙaramar roba, ki murɗe marfin sosai, ki ɗaure shi da salatif. Kada ki raina ɗaurin nan. Yaron da bai kai shekara 3 ba, komai ya samu baki yake kaiwa, marfi ɗaya kuwa ya isa ya shaƙe shi.

Mota ba ta buƙatar dogon bayani, yaranmu sun daɗe suna ƙera ta kara. Robar lemo ce jikin motar, tsinke biyu masu kauri su ratsa ta, marafe 4 su zama tayoyi, a ɗaura zare a wuya a ja.

Tarho kuwa har manya yana ba mamaki. Ki huda gindin gwangwani biyu da ƙusa, ki zura zare mai tsawon taku 10, ki ƙulla shi daga ciki. Wata amarya ta gwada, ta ce wa uwargidanta, "Yaya, ni fa ban ji komai ba." Uwargidan ta ce, "Ja baya, zarenki ya saki." Gaskiyarta. Murya tana girgiza gindin gwangwani, girgizar ta bi zare zuwa ɗaya gefen. In zaren bai miƙe ba, ko wani ya riƙe shi a tsakiya, maganar ba ta isa.

A ganina, marafe sun fi duk waɗannan amfani gare mu 'yan ajin yaƙi da jahilci. Ki yanka takarda ƙanana daidai cikin marfi, ki liƙa da ƙaro. Ki rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne: ba, ka, ra, ki. Marafe huɗu ke nan kacal. Yanzu ki jera biyu-biyu ki karanta da ƙarfi: baka, bara, kara, baki, raki. Ki juya baka, ta koma kaba. Yaro ɗan shekara 5 ko 6 zai zauna kusa da ke yana tura marafe yana dariya, bai san karatu yake yi ba. Ke ma bitar darasinki kike yi, ba tare da kin sayi allo ko littafi ba. In ya gaji da haruffa, ku kife marafen ku koma ƙirge: wannan tari 3, wancan 4, nawa ke nan? Idan an tashi, a kwashe su a zuba a gwangwanin Bournvita mai marfi, a ɗora inda mai rarrafe ba ya kaiwa.

Aikin gida: Ki tara marafe 10 kafin zama na gaba. Ki ƙara gaɓoɓin ma da sa da ta a kan huɗun da muka yi. Ki rubuta a littafinki duk kalmar da kika haɗa, ki sa alama a gaban wadda yaronki ne ya gano ta.