Idan malami ya ji wa ɗalibi rauni: yadda ake neman diyya a kotu

Ba kowace bulala ce ke kai malami gaban alƙali ba. Sashe na 55 na Penal Code, dokar laifuffuka ta jihohin Arewa, ya bar wa malami damar ladabtar da yaron da bai kai shekara 18 ba, muddin horon bai kai ga mummunan rauni ba. Sashe na 241 ya faɗi irin raunin: lalacewar ido ko kunne, karaya, gocewar ƙashi, faɗuwar haƙori, tabon da ya ɓata fuska, ko ciwon da ya hana yaro harkokinsa har kwana 20. Ko abin bai kai haka ba, marin huce haushi ba horo ba ne, kuma kulle yaro a ɗaki ko kiransa ɓarawo a gaban asambule suna iya jawo ƙara.

A ranar da abin ya faru, a kai yaron asibitin gwamnati, a nemi rahoton likita mai kwanan wata da hatimi. A ɗauki hoton raunin kafin kumburi ya sace. A rubuta sunayen waɗanda suka gani tun da zafi, domin bayan mako biyu yara kan tsorata, abokan aikin malamin kuwa sukan ja bakinsu su yi shiru. Kada a yar da ko rasit ɗaya: kuɗin magani, hoton ƙashi, kuɗin mota. Irin wannan asara sai an tabbatar da ita naira bayan naira, saɓanin diyyar raɗaɗi da nakasa, wadda alƙali ke ƙiyastawa. Daga nan a rubuta wa shugaban makaranta koke, a riƙe kwafin da aka sa wa hannu.

Inda iyaye suka fi faɗawa rami shi ne lokaci. Malamin makarantar gwamnati jami'in gwamnati ne, kuma dokar kare jami'ai ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. A shari'ar Ekeogu da Aliri, wadda ta taso daga Jihar Imo, bulalar malami ta lalata idon wata ɗalibar firamare, amma a 1991 Kotun Ƙoli ta ce an makara, ƙarar ta mutu. Zaman sulhu da dattawa abu ne mai kyau, sai dai kwanaki ba sa tsayawa don ana sulhu, kuma kai ƙorafi wurin 'yan sanda ba ya zama shigar da ƙarar diyya. A ga lauya cikin watan farko. Marar hali ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a.

Yaro ba ya ƙara da kansa, uba, uwa ko waliyyi ne ke tsaya masa. A makarantar kuɗi a haɗa da mai makarantar, tunda barnar ma'aikaci a bakin aiki tana hawa kan wanda ya ɗauke shi, kuma shi ne mai abin biya. A ta gwamnati ana haɗawa da hukumar da ta ɗauki malamin, kamar SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha, kuma lauya ya duba ko doka ta ce a fara aika mata sanarwar niyyar ƙara.

Idan ɗalibin ne ya fara kai hannu, malami na da haƙƙin kare kansa daidai gwargwado. Riƙe hannun yaro kariya ce. Binsa da gora bayan ya juya baya kuwa, ramuwa ce, kuma kotu za ta ɗauke ta a haka.