Yadda za ka gano kayan gyaran da suka dace da tsohuwar motarka

Kafin ka sayi komai, nemo lambar casis. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ƙofar direba. Tun daga 1981 haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I, O ko Q a ciki. Ɗauki hotonta da waya.

Sai ka duba lambar inji, domin nan ne mutane suka fi yin asara. Toyota Camry ta 2002 zuwa 2006, alal misali, akwai mai silinda huɗu, wato 2AZ-FE, wadda ke aiki da sarƙar taimin, akwai kuma mai silinda shida, 1MZ-FE, mai amfani da bel. Jiki iri ɗaya, ciki daban. Faɗin sunan mota da shekara kaɗai bai wadatar ba.

Na uku, kwance tsohon abin da za ka canza, goge maiƙon da tsumma, ka karanta lambar da ke jikinsa. Ka tafi da shi, ka ɗora shi kusa da sabon, ka ƙirga ramukan noti da ƙafafun soket. In ɗaya ya saɓa, bar shi.

Sai kuma kula da motar: baƙin mai, auna shi mota na tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe. Duk sanda ka juye, canza filta. Matsa tiyon lagireto da hannu: in ya tsattsage ko ya yi laushi, canza shi. Don Allah kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.