Yadda Ake Auna Kakar Wasan Ƙungiyar Ƙwallon Kwando: Misali da Milwaukee Bucks a 2020

Mai son yin sharhi kan wata ƙungiya ta gasar NBA ta Amurka, ko mai son gane sharhin da wasu ke yi, yana bukatar ya duba abubuwa uku tare: yadda kakar wasa ta kasance, abin da ƙungiyar za ta iya yi a hutun ƙarshen kaka, da matsayinta a cikin al'ummar garinta. Ƙungiyar Milwaukee Bucks ta jihar Wisconsin ta dace da wannan koyi, domin a shekara guda ta fi kowa cin wasanni, aka yi waje da ita da wuri, ta ƙaurace wa wasa saboda harbin da 'yan sanda suka yi wa wani baƙar fata, sannan ta shiga hutu ba ta da tabbacin ko gwarzonta Giannis Antetokounmpo zai zauna.

Da farko a duba yawan nasara, amma kada a tsaya a nan. A ƙa'ida kowace ƙungiya tana buga wasanni 82 kafin zagayen fitar da gwani, sai dai annobar korona ta datse kakar 2019 zuwa 2020 a ranar 11 ga Maris, 2020, a lokacin da Bucks ke da nasara 53 da rashin nasara 12. An koma wasa a ƙarshen Yuli a wani keɓaɓɓen sansani da ke kusa da Orlando a jihar Florida, ba tare da 'yan kallo ba, inda ƙungiyar ta kammala da nasara 56 da rashin nasara 17. Wanda ya lura zai ga cewa wasanni uku kacal ta ci daga cikin takwas da ta buga bayan dawowa, kuma wannan alama ce da ya kamata a rubuta a gefe. Bayan yawan nasara sai a nemi ratar maki, wato bambancin abin da ƙungiya ke jefawa da abin da ake jefa mata a kowane wasa. Wannan ma'auni ya fi yawan nasara faɗin gaskiya, domin wasan da aka ci da maki ɗaya ko biyu yakan dogara ne da sa'ar daƙiƙun ƙarshe. Ratar Bucks a waccan kakar ta kai kusan maki 10, kuma ita ce ta ɗaya wajen tsaron gida a dukan gasar.

Abu na gaba shi ne a tambayi yadda aka samu waɗannan nasarori, kuma a nan ne aikin mai sharhi yake. Kocin ƙungiyar a lokacin, Mike Budenholzer, ya gina tsaronsa ne a kan toshe hanyar kwando: dogon ɗan wasansa Brook Lopez yakan ja baya ya tsaya kusa da kwando, Giannis Antetokounmpo kuma yana shawagi yana kai ɗauki, a bar abokan hamayya su yi ta jifa daga nesa idan sun ga dama. Saboda haka a waccan kakar Bucks tana cikin ƙungiyoyin da aka fi jefa wa ƙwallo mai maki uku, wato wanda ake jefawa daga nesa. A wajen kai hari kuwa, tsarin shi ne Giannis ya kutsa da gudu, idan an taru a kansa ya miƙa wa maharban da ke jira a gefe. A wannan kaka yana samun maki 29.5 a kowane wasa cikin kimanin minti 30 kawai, kuma ya haɗa kyautar gwarzon ɗan wasa da ta gwarzon mai tsaron gida a shekara ɗaya, abin da Michael Jordan da Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ne kaɗai suka yi kafin shi. Giannis ma iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, a can aka haife shi a birnin Athens a 1994.

Tsari irin wannan yana aiki sosai a tsakiyar kaka, lokacin da ƙungiyoyi ke buga wasa yau a wani gari jibi a wani, babu mai lokacin zama ya yi wa abokin hamayya guda shiri na musamman. Zagayen fitar da gwani daban yake, domin ƙungiyoyi biyu za su yi ta haɗuwa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu daga cikin bakwai, kuma duk wani rauni da ke ɓoye sai an tono shi. Don haka wajibi ne mai sharhi ya sake kallon wasannin da aka fitar da ƙungiya a cikinsu, yana riƙe da tambayoyi kaɗan: wane rauni abokan hamayya suka yi ta bugu a kansa, shin koci ya sauya dabara ko ya kafe, kuma wa ya iya samar da maki a lokacin da aka tare babban tauraro?

Miami Heat ta fitar da Bucks a zagaye na biyu da ci 4 da 1. Abin da ta yi shi ne jera 'yan wasa uku a gaban Giannis duk sa'ad da ya nufo kwando, kamar yadda Toronto Raptors ta yi masa a 2019, lokacin da Bucks ta ci wasa biyu na farko sannan ta sha kashi sau huɗu a jere. Jimmy Butler na Miami ya jefa maki 40 a wasan farko, a wasa na uku kuma Miami ta ci zangon ƙarshe da maki 40 da 13. An soki Budenholzer da cewa yana ta hutar da taurarinsa kamar ana tsakiyar kaka, kuma bai sauya salon tsaronsa ba duk da ruwan jifan da Miami ke yi daga nesa. Gaskiya ne Giannis ya ji rauni a idon sawu har bai buga wasa na biyar ba, amma bai kamata a ɗora wa raunin laifin komai ba, tun da an riga an ci su wasa uku yana fili. A ganina, dabarar da ta karya ƙungiya shekara biyu a jere ta wuce a kira ta tsautsayi, ta zama matsalar yadda aka haɗa 'yan wasan. A lokacin Bucks ba ta da mai riƙe ƙwallo na biyu wanda zai ƙirƙiro hari idan wasa ya yi tsauri, in ban da Khris Middleton.

Daga nan sai a juya ga hutun ƙarshen kaka, kuma a fara da kwantiragi kafin a saurari jita-jita. A rubuta sunan kowane ɗan wasa, albashinsa, da shekarar da kwantiraginsa zai ƙare. A NBA akwai iyakar albashin da aka gindaya wa ƙungiyoyi, wadda a kakar 2020 zuwa 2021 ta tsaya a kan dala miliyan 109 da 'yan kai, sai kuma wani mataki na sama, kimanin dala miliyan 132, wanda duk ƙungiyar da ta haura shi za ta biya haraji a kan kowace dala. Ƙungiyar da albashinta ya riga ya wuce iyaka ba ta iya shiga kasuwa ta ɗauko babban ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare. Abin da ya rage mata shi ne sabunta kwantiragin nata 'yan wasan, da wasu ƙananan kafofi da doka ta bari, da musaya. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa na Turai ya kula da wannan bambanci: a nan ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi mai yawa, musayar 'yan wasa ake yi, kuma dole albashin ɓangarorin biyu ya yi kusan daidai. Ɗaya kuɗin da ake ciniki da shi shi ne damar zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi kowace shekara, wanda ta hanyarsa Bucks ta ɗauki Giannis a matsayi na 15 a 2013.

Tambayar da ta rufe kowace tambaya a Milwaukee ita ce saura shekara ɗaya kwantiragin Giannis ya ƙare. Milwaukee ƙaramar kasuwa ce idan aka gwada ta da Los Angeles ko New York, kuma manyan 'yan wasa ba su cika zaɓarta da kansu ba, saboda haka rasa shi zai mayar da ƙungiyar baya da shekaru. Da wannan ma'auni ya kamata a auna musayar da aka yi a Nuwambar 2020, inda Bucks ta karɓo Jrue Holiday daga New Orleans Pelicans, ta bayar da Eric Bledsoe da George Hill da damar zaɓe uku ta zagayen farko, haɗe da 'yancin musayar matsayi a wasu shekaru biyu. Mutane da yawa sun ce farashin ya yi tsada ga ɗan wasan da sau ɗaya kawai aka taɓa zaɓarsa cikin taurarin gasar a lokacin. Mai auna musaya sai ya tambayi kansa ko sabon ɗan wasan ya toshe ainihin ramin da aka gani a zagayen fitar da gwani, kuma Holiday ya toshe shi, domin yana iya tare gwanin abokan hamayya kuma yana iya jan ragamar hari. A ranar 15 ga Disamba, 2020, Giannis ya amince da sabon kwantiragi na shekara biyar a kan dala miliyan 228.

Kada a lissafa cinikin da bai kammala ba. A wannan hutu an baza labarin cewa Bucks ta samu Bogdan Bogdanović daga Sacramento Kings, masu sharhi har sun sa shi cikin jerin 'yan wasa, sai maganar ta rushe ya tafi Atlanta Hawks, hukumar NBA kuma ta ƙwace wa Bucks damar zaɓe ɗaya ta zagaye na biyu saboda fara tattaunawa kafin lokacin da doka ta yarda.

Idan shekara ta zagayo, a koma a gwada hasashe da abin da ya faru. Bucks ta ci wasa 46 daga cikin 72 a kaka ta gaba, ta zo ta uku a yankin Gabas, wato a takarda ta yi ƙasa. Amma ta yi amfani da kakar wajen gwada sababbin salon tsaro, ta ƙaro P.J. Tucker a watan Maris, ta share Miami da ci 4 da nema, sannan ta ɗauki kofi a ranar 20 ga Yuli, 2021, bayan doke Phoenix Suns da ci 4 da 2, Giannis ya jefa maki 50 a wasan ƙarshe. Kafin wannan, rabon ƙungiyar da kofi tun 1971. Adalci ya sa a faɗi rabon sa'a a ciki, domin a wasa na bakwai da Brooklyn Nets, da ƙafar Kevin Durant na Nets ba ta taka layi ba a jifansa na daƙiƙun ƙarshe, da maki uku aka ba shi maimakon biyu, kuma da wuya Bucks ta tsallake.

Ɓangare na uku, wato rawar ƙungiya a cikin al'umma, shi ne wanda aka fi yi wa sharhin yabo ko na zagi ba tare da bincike ba. Hanyar da ta fi ita ce a raba shi gida uku: abin da ya faru, abin da aka nema, da abin da aka samu. A ranar 23 ga Agusta, 2020, wani ɗan sanda a garin Kenosha, kimanin kilomita 60 kudu da Milwaukee, ya yi harbi sau bakwai a kan wani baƙar fata mai suna Jacob Blake, abin da ya shanye masa rabin jiki. Kwana uku bayan haka 'yan wasan Bucks suka ƙi fitowa wasa na biyar da Orlando Magic. Daga ɗakin sauya kaya suka yi magana ta waya da babban lauyan jihar da mataimakin gwamna, sannan George Hill da Sterling Brown suka karanta sanarwar da ke neman a hukunta mai laifi, majalisar dokokin jihar kuma ta zauna kan gyaran aikin 'yan sanda. Brown ya san abin da yake faɗi, domin a Janairun 2018 'yan sandan Milwaukee sun kayar da shi sun jona masa na'urar lantarki kan laifin ajiye mota. An ɗage dukan wasannin NBA na ranar, gasar mata ta WNBA da wasu ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa da na besbol suka bi sahu, ba a koma fili ba sai ranar 29 ga wata.

Sakamakon gauraye ne, kuma haka ya kamata a rubuta shi. Majalisar Wisconsin ta buɗe zaman musamman da gwamna Tony Evers ya kira, ta tashi cikin 'yan daƙiƙu ba tare da muhawara ba, kuma a Janairun 2021 mai gabatar da ƙara na yankin ya ce ba zai tuhumi ɗan sandan ba. A ɗaya ɓangaren, 'yan wasa sun sa masu ƙungiyoyi sun amince a buɗe filayen wasa domin kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa na Nuwambar 2020, kuma a Atlanta dubban mutane sun yi zaɓe a filin Hawks. A Milwaukee kanta an janye shirin amfani da filin Bucks, wato Fiserv Forum, a matsayin wurin kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, saboda hukumar zaɓen birnin ta ji tsoron a ƙalubalanci ƙuri'un a kotu.

Akwai lissafi ɗaya da mai sharhi zai ƙara a wannan babi, wato wanda ya biya kuɗin ginin filin. An buɗe Fiserv Forum a 2018, kuma dala miliyan 250 daga cikin kuɗinsa sun fito ne daga aljihun jama'a, a lokacin da ake fargabar za a ɗauke ƙungiyar zuwa wani gari idan ba a gina sabon fili ba. Saboda haka idan ƙungiya ta ce tana yi wa garinta hidima, sai a nemi sanin albashin masu shara da masu sayar da abinci a filin, da farashin tikiti mafi araha, da kuma ko mazauna unguwannin talakawan birnin suna samun aiki a harabar da aka gina da harajinsu.