Yadda ake shirya ajon mata zalla tsakanin la'asar da magariba don taimakon mabuƙata

Ajo tsohuwar hanya ce ta tara kuɗi a ƙasar Hausa: a kira makaɗa, a gayyato jama'a, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Mata kuma sun daɗe da kiɗansu na cikin gida, ƙwarya da shantu da amada, irin wanda marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi fice a kai har rasuwarta a 2013. In aka haɗa biyun, aka sa taron da yamma, mata zalla, kuɗin kuma ya tafi ga mabuƙatan gari, an sami wurin da matar aure da tsohuwa da mai goyo duk za su iya zuwa su motsa jiki, su koma gida kafin duhu.

Ku fara da waɗanda za a taimaka, kafin ma a yi zancen makaɗa. Ku zaɓi wuri ɗaya tak: gidan marayu, ko ƙungiyar mata masu lalura ta musamman, ko masu jinyar yoyon fitsari irin waɗanda ake kula da su a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Ku je ƙafa da ƙafa ku tambaye su abin da ya fi damunsu. Sau da yawa masu shiri kan sayo shinkafa, alhali kuɗin makarantar yara ko katifu ake nema. In ƙungiya ce mai zaman kanta, ku ga takardar rajistarta ta hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC), kuma lambar asusun bankin ta kasance da sunan ƙungiyar, ba na shugabarta ba. Daga nan ku rubuta buri a fili a jikin katin gayyata, misali katifa ashirin. Mace ta fi sakin hannu in ta san takamaiman abin da kuɗinta zai saya.

Lokaci shi ne ƙashin bayan wannan taro. A Kano da kewaye la'asar tana kamawa tsakanin uku da rabi zuwa huɗu, magariba kuwa daga wajen shida a lokacin hunturu zuwa kusan bakwai saura a farkon damina. Ke nan abin da kuke da shi bai wuce awa biyu da rabi zuwa uku ba. A buɗe ƙofa ƙarfe huɗu saura kwata, a tanadi buta da tabarma don masu yin la'asar a wurin, kiɗa ya tashi huɗu da kwata ko da mutum goma ne suka iso. In kuka tsaya jiran uwar taro, magariba za ta riske ku ba a yi komai ba. A kashe sauti minti ashirin kafin kiran salla. Wannan alkawarin shi ne abin da mace za ta nuna wa maigida ko iyayenta a bar ta ta fito, kuma in kuka saɓa shi sau ɗaya, taro na gaba rabin matan ba za su sami izini ba. Asabar ko Lahadi ta fi, a kauce wa azumi, kuma da damina kada a yi a fili marar rufi.

Wuri ya zama mai katanga, ƙofar shiga ɗaya, kuma a ƙasa, ba saman bene ba. Ɗakin taron makarantar 'yan mata ko babban tsakar gida ya wadatar. Ga mace 120, ku ware filin rawa na kamar mita takwas tsawo da takwas faɗi, domin ba duka suke tashi lokaci guda ba. Ku duba daɓen: tayil mai sheƙi in ruwa ya zuba kayar da mutum yake, tabarma kuma bakinta na harɗe ƙafa, don haka siminti marar santsi ya fi. Mako guda kafin ranar a sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, da Hisba a jihohin da take. A kuma leƙa maƙwabta a gaya musu lokacin da za a tashi.

Maganar "kowa da kowa" ba a baki take ba, a tsari take. Kada a fitar da anko. Anko shi ne ke fara korar mai ƙaramin ƙarfi tun daga gida. Cikin kowane tikiti goma a ware ɗaya kyauta, a raba ta hannun dattijan unguwa, kuma launinsa ya zama ɗaya da na saura don kada a gane. Ƙofa ta kai faɗin santimita 90 saboda keken guragu, in akwai matakala a ɗora katako mai ƙwari. 'Yar jagorar makauniya ba ta biya. Kurame a ba su wuri kusa da masu kiɗa, suna jin dukan ƙwarya a jikinsu, a kuma samo mai fassara da hannu lokacin sanarwa. Kujeru masu majingina su kewaye filin don tsofaffi da masu ciki, da yawansu daga zaune za su taka da kafaɗa da tafi. Masu goyo a ba su ɗaki nesa da lasifika. In unguwar akwai Kiristoci da wasu ƙabilu, a sa mace ɗaya daga cikinsu a kwamiti, ita za ta jawo sauran.

Kiɗa kuwa, a fara da masu ƙwarya na minti arba'in. Ku tanadar musu babban baho da ruwa don ƙwaryar da ake kifawa a kai. Amada ce ke tayar da manya, in manya suka tashi kunya ta kau daga kan kowa. Bayan nan a koma waƙoƙin lasifika, waɗanda kwamiti ya saurara tun kafin ranar ya cire masu batsa da habaici. A nemi mace mai sarrafa na'ura. In ba a samu ba, namiji ya haɗa kayan ya gwada, ya fita, wata ta riƙa sakawa daga waya. Gwajin ƙarar sauti mai sauƙi ne: in sai kin ɗaga murya kafin wadda ke gabanki ta ji, ya yi yawa. Janareta mai ƙarfin 3.5 kVA ya isa lasifika biyu da fankoki, amma a ajiye shi a waje, aƙalla mita shida daga ƙofa da taga, domin hayaƙinsa na kisa a rufaffen wuri.

Abin da ya fi rusa irin wannan taro shi ne waya. Bidiyon daƙiƙa goma na matar wani tana rawa ba mayafi, in ya hau TikTok, yana iya taɓa aurenta. Mata biyu su tsaya a ƙofa suna manna takarda mai gam a idon kyamarar kowace waya, a faɗi dokar a kati, a sake faɗa a lasifika, wadda ta karya a raka ta waje ko wace ce. Hoton da za a ɗauka shi ne na miƙa gudummawa, da yardar waɗanda ke ciki.

Sai liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Mafita ita ce a buga ƙananan takardu masu tambarin taron, mace ta saya a teburin kuɗi, ta liƙa wa wadda take so. Kuɗin ya riga ya shiga akwati, ba kuma wanda zai ɓace a ƙasa. A gaya wa zabiya kada ta ambaci adadin da kowa ta bayar, don kada ajon ya koma gasar masu hali.

Ku yi lissafi tun farko. Misali mace 108 sun sayi tikiti a naira 3,000, an sami 324,000. Kashe-kashe kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, in ya wuce, kun yi biki ne kawai. A nemi wurin da kujeru kyauta, a yanke kuɗin makaɗa kafin ranar. Abinci mai nauyi ba ya cikin tsari: ruwan leda uku ga kowace, wato jaka 18 ga mutum 120, da zoɓo da cincin. Kunun aya yana saurin lalacewa da zafi, in babu ƙanƙara a bar shi.

Mutum uku ne za su ƙirga kuɗi, biyu daga kwamiti, ɗaya daga waɗanda za a taimaka, a kan tebur a idon jama'a. A haɗa da abin da ya shigo ta POS da tiransifa, a sanar da jimla kafin a watse, ukun su sa hannu. A shirya da masu adaidaita sahu huɗu ko biyar su jira a bakin titi, tsofaffi da masu keken guragu su fara fita. Cikin mako guda a miƙa kayan, a tura hoton rasit da jerin abin da aka kashe a zauren WhatsApp na mahalarta, har da kuɗin man janareta.