Yadda ake tsara yini guda a tsibirin Santorini idan da jirgin ruwan shaƙatawa aka zo

Santorini tsibiri ne na ƙasar Girka, kuma yawancin manyan jiragen shaƙatawa da ke zagaya tsibiran wannan yanki sukan yada zango a can na yini guda. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan ɗauka cewa jirgi zai jingina da gaɓa, a sa tsani, kowa ya sauka ya kama gabansa. A Santorini babu wannan. Kimanin shekara 3,600 da suka wuce dutse mai aman wuta ya fashe a wurin, tsakiyar tsibirin ta rufta, teku ta cike ramin. Cikin wannan ramin jirgi yake tsayawa, nesa da gaɓa, garuruwan kuma suna can bisa bakin dutsen, sama da mita 200 daga ruwa. Don haka sau biyu za ka bi layi kafin ƙafarka ta taka cikin gari: layin ƙaramin jirgin da zai kai ka gaɓa, da layin motar igiya, wato 'yan ɗakunan da ke rataye a igiyar ƙarfe, da za ta hau da kai. Haka kuma za ka sake bin su da yamma. Duk tsarin yinin a kan waɗannan layuka yake, kuma daga lokacin komawa ake fara lissafi, a dawo baya.

Tun kana gida

Girka tana cikin yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, saboda haka mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza. Ka duba jadawalin tafiyar da kyau. Idan jirgin zai ratsa wata tashar Turkiyya, kamar Kusadasi, sannan ya komo Girka, to ka fita daga Shengen ke nan ka sake shigowa, kuma bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba. Ka nemi mai shiga sau da yawa. Ma'aikatan jirgi suna duba wannan tun a ranar farko, wanda takardunsa ba su cika ba a tasha ake barinsa.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Za a ba ka kati guda, shi ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka wajen fita da shiga, da shi kuma ake rubuta duk abin da ka saya. Ana haɗa shi da katin bankinka, don haka ka tabbata katin yana aiki a ƙasar waje kuma iyakar abin da bankinka ya yarda ka kashe ta isa. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum, yawanci tsakanin dala 12 da 20. Tun daga 2025 kuma gwamnatin Girka tana karɓar yuro 20 a kan duk wanda ya sauka Santorini daga jirgin shaƙatawa tsakanin Yuni da Satumba, akasari a lissafin katin nan za ka gan shi.

Ka sa ƙaramar buta ta roba a jakarka. Banɗakin ɗakin jirgi ɗan tsukut ne, ba a tanadi komai na tsarki da ruwa ba, kuma masan yana aiki ne da zuƙar iska, duk abin da ka jefa wanda ba takardarsu ba zai toshe bututun har na maƙwabta. Dutsen guga kuwa ka bar shi a gida, za a ƙwace shi a ƙofa saboda tsoron gobara.

Daren da ya gabaci isowa

Kowane dare ana ajiye takardar shirin gobe a ɗakinka, ko a saka shi a manhajar jirgin. Abu uku za ka nema a ciki: lokacin da za a fara sauke mutane, lokacin da ƙaramin jirgi na ƙarshe zai bar gaɓa, da lambar wayar wakilin kamfanin a tsibirin. Ka ɗauki hoton shafin. Lokacin tashin babban jirgi bai shafe ka ba. Na ƙaramin jirgi na ƙarshe shi ne naka, kuma yakan riga wancan da rabin awa zuwa awa guda.

Ka daidaita agogonka da agogon jirgi, da hannu. A lokacin zafi Girka tana gaban Najeriya da awa biyu, kuma waya takan ɗauki lokacin duk hanyar sadarwar da ta kama, ta rikita ka. Idan jirgi yana tsakiyar teku ka sa wayar a yanayin jirgin sama, domin jirgin yana da tasa hanyar sadarwa ta tauraron ɗan'adam, wadda ke cinye kuɗin waya kafin ka farga.

A Yuli da Agusta iskar arewa da Girkawa ke kira meltemi takan tayar da igiyar ruwa. Mai saurin jiri ya sha maganinsa tun kafin a fara rangaji, domin bayan amai ya fara ba ya wani tasiri. Citta tana taimakawa, haka ma zama a tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa.

Safiya

Alƙibla daga Santorini kudu maso gabas take. Matsalar ita ce jirgin ba ya tsayawa cik: ramin yana da zurfi ƙwarai, sau da yawa da injinsa yake riƙe kansa, yana ɗan juyawa. Kamfas ɗin waya kuma yakan rikice a cikin ginin ƙarfe. Yawancin jirage suna da tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna taswira da inda goshin jirgi ya fuskanta. Da ita za ka gane kudu maso gabas, ko ka fita sarari ka dubi mafitar rana.

Ka karya da wuri a ɗakin abinci na ɗebi-da-kanka, kafin ya cika. A teburin karin safe naman alade ya fi kowane nama yawa, siraran yanka da tsiran Turawa duk shi ne sai in an rubuta akasin haka. Ƙwai, burodi, wake, madara da 'ya'yan itace sun wadatar. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka zauna: ƙwayar cutar amai da gudawa da ke yaɗuwa a jirage ba ta cika jin man goge hannu ba.

Sauka iri biyu ce. Waɗanda suka sayi rangadin kamfanin jirgi su ake fara fitarwa, a kai su tashar Athinios inda manyan motoci ke jira, ba ruwansu da layin hawa. Ya fi tsada, amma idan motarsu ta makara jirgi yakan jira su. Masu zuwa don kansu kuwa sai su karɓi lambar layi a wurin da aka sanar, a riƙa kiransu rukuni-rukuni. Ka je karɓar lambar tun kafin a buɗe, domin wanda ya yi jinkirin rabin awa yana iya zama awa biyu yana kallon tsibirin daga taga. Ƙananan jiragen na masu jiragen garin ne, kuma minti goma zuwa sha biyar sun kai ka tsohuwar tasha da ke gindin dutsen Fira, babban garin tsibirin. Wajen tsallakawa ka rataya jaka a baya, hannuwanka biyu su zama ba komai, ka miƙa wa ma'aikaci damtsenka ya riƙe, ka taka lokacin da ya ce ka taka.

Abin da za ka ɗauka bai da yawa: katin jirgi, fasfo ko kwafinsa gwargwadon abin da aka sanar, yuro 50 zuwa 80 ƙanana-ƙanana, gorar ruwa, malafa ko lema, da takalmi mai kama ƙasa. Silifas da takalmi mai santsin ƙasa su ne suke kayar da mutane a kan duwatsun da ƙafa ta goge.

Hawa

Motar igiyar ta fara aiki a 1982. Ɗakuna shida ne a jere, kowanne na cin mutum shida, wato mutum 36 a sawu ɗaya, tafiyar kuma kamar minti uku ce. A 2025 kuɗinta yuro 10 ne hawa, 10 sauka. Yi lissafi da kanka: jirgi mai fasinja 3,000 yana buƙatar sawu fiye da 80, kuma akwai ranakun da jirage uku ko huɗu suke tsaye a ramin lokaci guda. Wannan cunkoso ne ya sa hukumomi suka ƙayyade masu sauka zuwa 8,000 a rana daga 2025, amma ko hakan layin yakan kai awa guda ko fiye, cikin rana tsaka.

Akwai matakala mai lanƙwasa, kusan taki 590. Mai lafiya yana hawanta cikin rabin awa zuwa minti arba'in, sai dai babu inuwa, kuma hanya ɗaya ce da ta jakuna da alfadarai, ga kashinsu a kan duwatsu masu santsi. Idan garken ya taho ka raɓe ta gefen bango, kada ka tsaya ta bakin rami. Hawa dabbobin bai dace da kowa ba. Tun 2018 dokar ƙasar ta hana a ɗora musu abin da ya wuce kilo 100, kuma sirdin ba shi da daɗin zama ga wanda bai saba ba.

Hanya ta uku ita ce mafi dabara idan layi ya yi tsawo. A tsohuwar tashar akwai masu sayar da tikitin jirgin da zai bi da kai ta gefen dutse zuwa Ammoudi, gindin garin Oia, daga nan mota ta hau da kai, daga baya ta maido ka Fira. Ka tambayi lokutan motar komowa kafin ka biya.

A kan tsibiri

Yini guda ba ya ɗaukar komai da komai. Ka zaɓi ɗaya tsakanin arewa da kudu, ka ƙare da Fira.

Arewa ita ce Oia, ana furta ta Iya, kilomita 11 ko 12 daga Fira. Nan ne fararen gidaje da majami'u masu shuɗiyar ƙubba da ake gani a hotuna. Motar haya ta gari tana tashi daga tashar Fira, kusan minti 25, kuɗinta bai kai yuro 3 ba, kwandasta ne ke karɓa a hannu. Tasi kaɗan ne a tsibirin, kada ka ɗora shirinka a kansu. Ka isa kafin ƙarfe goma; bayan haka lungunan sukan cushe har sai an bi layi kafin a ɗauki hoto. Rufin da ke ƙasa da hanya gidajen mutane ne da majami'u, ba a hawa.

Kudu kuma akwai Akrotiri, garin da tokar dutsen ta binne. Masanin kayan tarihi Spyridon Marinatos ne ya fara tono shi a 1967, aka tarar da gidaje masu hawa biyu da uku, da magudanan ruwa a ƙarƙashin tituna, da manyan tuluna a inda masu su suka bar su. An rufe wurin da rumfa, don haka ya fi sauƙi ga dattawa da yara a lokacin zafi. Ka duba ko a buɗe yake a ranar, domin wuraren tarihi na Girka da dama suna hutun Talata. A ganinmu wanda ya riga ya ƙoshi da kallon fararen gidaje a Fira zai fi ƙaruwa da Akrotiri fiye da turmutsutsun Oia.

Wajen abincin rana ka kula da gyros, naman da ake gasawa a tsaye a naɗe cikin burodi: a Girka na alade ne sai in an ce na kaza. Ka nemi gasasshen kifi, ko fava, wato dafaffen wake rawaya da aka dama da man zaitun da albasa, ko tomatokeftedes, wani irin ƙosai na tumatir. Kifi da kilo ake sayar da shi a gidajen abinci da yawa, ka sa a auna a faɗa maka kuɗin kafin a ɗora a wuta. Teburin da ke bakin rami yana da tsada saboda kallon. Ka koma layi biyu baya, farashi ya sauka. Ruwan gora za ka sha. Sallar azahar da la'asar kuma ka tsara ta tun da safe, ko dai ka nemi wuri mai tsabta a gefe da 'yar dardumarka, ko ka yi amfani da rangwamen matafiyi na haɗa su.

Komawa

Kusan kowa ta motar igiya yake sauka, har da waɗanda kamfani ya kai rangadi, domin yawanci a Fira ake sallamar su. Shi ya sa layin yamma ya fi na safe muni. Idan ƙaramin jirgi na ƙarshe ƙarfe bakwai ne, ka tsaya a layi ƙarfe biyar, ka bar Oia kafin huɗu. Idan saura awa guda kuma layin bai matsa ba, ka bi matakala, minti 25 zuwa 30 ne, a hankali, hannu a bango. A ƙasa ka duba allon da ke ɗauke da sunan jirginka kafin ka shiga, domin kowane jirgi da nasa layin.

Faɗuwar rana a Oia ta yi suna, amma a ƙarshen Yuni sai bayan takwas da rabi take faɗuwa, kuma dubban mutane ne suke neman mota lokaci guda bayanta. In dai jirginka ba zai kai goma ko sha ɗaya na dare ba, ka kalle ta daga hawa na sama na jirgin, inda za ka ga hasken yana sauka a kan fararen gidajen gaba ɗaya.

Idan aka yi rashin sa'a jirgi ya tafi ya bar ka, ka kira lambar wakilin nan take. In fasfonka yana hannun jirgi ko cikin akwatin sirrin ɗakinka, akan fito da shi a bar wa wakilin. Daga nan kai za ka biya kuɗin cim ma jirgin a tasha ta gaba: jirgin sama zuwa Atina, babban birnin Girka, bai kai awa guda ba, jirgin ruwan fasinja zuwa Piraeus, tashar jiragen ruwan Atina, kuma awa biyar zuwa takwas. Lambar agajin gaggawa a Girka 112 ce.